Kuzar Uluburun da Kuzar Riruwai

Cikin ƙarafan da magabata suka sarrafa, babu wanda ya ɗaure wa masana tarihi kai kamar kuza. Tama tana ko'ina, da wuya a sami ƙasar da ba a ba ta rabonta ba. Jan ƙarfe ma ba shi da wuyar samu sosai. Kuza kuwa 'yar kaɗan ce a cikin ƙasa, a wurare ƙididdigaggu take, galibi nesa da manyan biranen da suka fi bukatarta. Ga shi kuma sai da ita jan ƙarfe ke yin tauri. Maƙeri zai narka kashi tara ko goma na jan ƙarfe, ya zuba kashi ɗaya na kuza, sai ya sami tagullar da za ta yi takobi, ta yi gatari, ta riƙe kaifi. Daga wajen shekara ta 3000 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙarfin Masar da Babila da garuruwan Bahar Rum a kan wannan haɗi ya dogara, alhali babu ɗayansu da aka san tana haƙo kuzar da za ta ishe ta a gida.

Akwai wurare biyu da wannan ƙarfe ya bar wa na baya tambaya. Ɗaya a ƙarƙashin teku yake, a gaɓar kudancin Turkiyya, kuma duniyar ilimi ta san shi. Ɗayan a cikin duwatsun Doguwa yake, a kudancin Jihar Kano, kuma ko a Kano ba kowa ya ɗauke shi wurin tarihi ba. Tambayoyin nasu sun juya wa juna baya. A Uluburun ga kuzar a hannu, ramin da ta fito ake nema. A Riruwai ga ramin a fili, abin da ake nema shi ne yaushe aka fara, kuma ina kuzar ta tafi.

A shekarar 1982 wani mai nutso, cikin masu tsinto soson teku, ya hango wasu faifan ƙarfe jibge a ƙasan ruwa kusa da garin Kash, a wani tsinin dutse da ake kira Uluburun. Zurfin wurin ya haura mita 44. Daga 1984 zuwa 1994 masana ƙarƙashin George Bass, daga baya Cemal Pulak, suka yi ta nutso, fiye da sau 22,000, domin a irin wannan zurfi mutum ba ya wuce 'yan mintoci yana aiki. Abin da suka fito da shi jirgi ne na katakon al'ul, tsawonsa kamar mita 15, wanda ya nutse a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Kayan cikinsa sun isa a kira su dukiyar sarki: tulunan ƙaro kusan 150 daga ƙasar Kan'ana, curin gilashi mai launin shuɗi kusan 175, hauren giwa, haƙoran dorina, ƙwan jimina, gungumen baƙin itace daga Afirka, da wani ɗan hatimin zinariya ɗauke da sunan Sarauniya Nefertiti ta Masar. Amma nauyin jirgin ƙarfe ne. Akwai faifan jan ƙarfe 354 masu kusurwa huɗu kamar shimfiɗaɗɗiyar fatar sa, da wasu ƙanana, duka kimanin tan 10. Sannan akwai kuza tan guda. Goma da ɗaya ke nan, daidai awon maƙeri. Wanda ya yi lodin nan ya san abin da yake yi: tagulla tan 11 ce ke tafe, ba a riga an haɗa ta ba. Yau kayan suna gidan tarihi na Bodrum.

Jan ƙarfen bai daɗe yana ɓoye asalinsa ba. Akwai ɗan burbushin dalma a cikinsa, kuma dalmar kowane dutse tana da nata awo na ƙwayoyin zarra, gwargwadon shekarun dutsen. Da aka auna, sai ya nuna tsibirin Kubrus. Kuzar ce ta ƙi magana.

Ba wai rubuce-rubucen dauri sun yi shiru gaba ɗaya ba. A Kanesh, tsakiyar Turkiyya ta yau, an tono allunan laka fiye da 20,000 na fataken Assur, waɗanda suka rayu wajen 1900 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasiƙun kasuwanci ne, na bashi da riba da ƙorafin matan da aka bari a gida suna saƙa. Suna nuna ayarin baƙaƙen jakuna na tasowa daga Assur, a arewacin Iraƙi ta yau, kowane jaki da kuza kamar kilo 65 da tufafi, tafiyar kusan kilomita dubu. Sai dai su ma Assurawan saye suke yi daga wasu da ke kawowa daga gabas. A Mari, bakin kogin Furat, takardun fadar Sarki Zimri-Lim sun lissafa kuzar da ta shigo ta hannun Elam, aka raba wa Ugarit da Hazor, har da wani mutumin Kirit. Kowace takarda tana faɗin wanda ya miƙo, ba ta faɗin wanda ya haƙo. Bayan shekaru fiye da dubu, Hirodotus na Girka ya ji labarin wasu tsibiran kuza a can yamma, ya ce shi bai sami wanda ya gan su da idonsa ba, abin da ya tabbatar kawai shi ne daga ƙarshen duniya take zuwa. Sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa Diyodorus na Sisili ya ba da bayanin mutanen kudu maso yammacin Birtaniya da ke narka kuza, ana ƙetarar da ita zuwa ƙasar Faransa ta yau, dawaki su ɗauke ta kwana talatin zuwa bakin kogin Ron.

Da na'urori suka ƙara kaifi, aka koma kan ƙarfen kansa. Kuza tana da nau'in ƙwayar zarra goma tabbatattu, fiye da kowane sinadari, kuma an sa rai wannan zai zama shaidar yatsa. A 2019 masana a Mannheim ta Jamus, Daniel Berger da Ernst Pernicka da abokan aikinsu, suka auna curin kuzar da aka tsamo a teku kusa da Haifa, suka ce ta fi kama da ta Konwal da Debon a Ingila. A 2022 Wayne Powell da tawagarsa suka auna curi 105 na Uluburun, suka ce kashi ɗaya cikin uku daga tsakiyar Asiya ya fito, wajen Uzbekistan da Tajikistan, sauran kuma daga duwatsun Torus na Turkiyya, inda Aslihan Yener ta daɗe tana aiki a kan tsohon ramin Kestel. Shekara na zagayowa, mutanen Mannheim suka mayar da martani cewa awon bai kai ga wannan hukunci ba. Har yau maganar ba ta mutu ba. Shekara arba'in ana aiki, da kuɗi da na'ura da ƙwararru, kuma tsakanin amsoshin da ake gardama a kai akwai tazarar da ta kama daga Tekun Atlantika zuwa kusa da iyakar Sin.

Yanzu a dawo gida. Mai barin Kano ta hanyar Zariya, in ya wuce ƙasar Bebeji ya kai Kwanar Ɗangora a Kiru, sai ya karya kudu ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya faɗa Doguwa. Nan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano take ƙarewa, duwatsu su miƙe. Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, tana cikin wani zoben duwatsu kimanin kilomita 140 kudu da birni a miƙe. Masana ƙasa sun ce gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce, ɗaya daga jerin irinsa da suka taso daga Ayar a Nijar suka gangaro har Filato. A tsakiyarsa akwai jijiyar ma'adini da ta miƙe gabas da yamma kusan kilomita 5, ɗauke da kuza da tozali da wasu ƙarafa. Ruwan sama na shekaru aru-aru ya gutsuro dutsen ya zubar a rafuka. Baƙin yashin kuza ya ninka yashin gari nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa yake kwantawa a gindin rafi, shi ya sa kuma mai ƙwarya ko kwano zai iya wanke shi: a juya, a karkata, ruwa ya tafi da mara nauyi, baƙin ya zauna. Har gobe wankin kuza haka yake.

Narkawar ce ba ta kowa ba. Kuzar da aka tace tana narkewa da zafi kaɗan, digiri 232, amma raba ta da dutsenta sai wutar da ta haura digiri dubu, da gawayi mai kyau da zuga-zugi da sanin lokacin da za a tsaya, in ba haka ba ƙarfen ya bi kashin wuta ya lalace. Mutanen Riruwai sun iya wannan. Sun kuma fito da wata siffa tasu ta kansu. Maimakon curi, sai su jera tsinkayen ciyawa cikin damammiyar toka ko laka, su zare, su zuba narkakkiyar kuza a ramukan. Abin da ke fita siraran sanduna ne kamar tsinke, a ɗaure su dami-dami a kai kasuwa. Dabara ce ta mai sanin ciniki. Tsinke yana lanƙwasuwa ya yi ƙara, mai saye ya gane ba a yi masa algus ba. Ana iya ƙirga shi, ana iya gutsura wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma maƙerin fari da ke son ya shafe kwano ko likkafa ko linzami ba sai ya fasa curi ba.

Abin da aka rubuta game da wannan sana'a bai yi nisa baya ba. Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a farkon 1824, ya lissafa kuza da tozali cikin kayan da ya gani a kasuwa, ya kuma ce na ƙasar ne, ba na ayarin Sahara ba. A 1826, a tafiyarsa ta biyu, ya biyo daga Zariya ya sauka Bebeji, gari mai ganuwa da ya kiyasta mutanensa sun kai 20,000 ko fiye. Irin waɗannan garuruwa na kudu su ne matakalar da kayan dutse ke hawa kafin su kai kasuwar Kurmi ta Kano. Daga shekarun 1840 kuma ƙasar ta rikice. Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka shiga duwatsun Ningi, magadansa irin su Ɗan Maje da Haruna suka shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙarar da yawancin mulkinsa yana tsaron wannan iyaka, garuruwa irin Tudun Wadar Ɗankadai suka zama ribaɗi. A cikin wannan ƙarni ne masu narka kuza suka tashi daga Riruwan Kano, suka yi ta matsawa har suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi, kusa da rafukan da ke gangarowa daga Filato.

Tsinken nasu ne ya jawo musu abin da ya kashe sana'ar. A shekarun 1880 ma'aikatan Kamfanin Neja suka riƙa ganin sa a hannun fatake a gaɓar Binuwai. Suka bi sawu. A 1902 George Nicolaus ya iso ƙasar Bauchi yana nema, a 1903 H. W. Laws ya biyo baya ya kafa sansani wajen Tilde da Naraguta. Nan da nan aka yanka ƙasar aka raba wa kamfanoni, dokar ma'adinai ta mayar da abin da ke cikin ƙasa na gwamnati, masu murhu suka rasa inda za su ɗebi yashi. Aka ja siririn layin dogo daga Zariya, ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1920 wutar Riruwan Dalma ta mutu. Jikokin masu narkawa suka koma ɗaukar kwano a filin Bature. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame Malaya, aka shiga ɗiban gwamna, aka kwashi dubban talakawan Arewa ala tilas zuwa ramukan Filato, har abin da Nijeriya ta fitar a 1943 ya haura tan 17,000. A Riruwai kanta an buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1970, ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985.

Duk wannan tarihin jiya ne. Tambayar tana gabansa. Sana'ar da Clapperton ya tarar da kayanta a kasuwa ta riga ta nuna, tana da siffarta, tana da masu saye. Irin wannan ba ya tsirowa dare ɗaya. Kwatancin da ya fi kusa shi ne: kuzar Uluburun yaro ne da aka tsinta a kasuwa ba a san gidansu ba, Riruwai kuwa gida ne da 'ya'yansa suka watsu cikin duniya ba a san inda suka sauka ba.

Abin da ya sa tambayoyin biyu suka yi tauri kusan ɗaya ne. Na farko, mai wankin kuza ba ya barin sawu. Mai fasa dutse yana barin rami da guduma da tokar wutar da ya gasa dutsen, mai wanke yashi kuwa damina ɗaya ta isa ta share aikinsa. Na biyu, inda kuza take, nan na baya ke komawa, kuma kowane sabon mahaƙi yana cinye aikin wanda ya riga shi. A Konwal haƙar ƙarni na 18 da na 19 ta birkice kusan komai. Abin da ya tsira tsintuwa ce, kamar wata magirbin ƙahon barewa da ma'aikata suka ci karo da ita a kwarin Karnon, wadda awo ya nuna ta kai wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa. A Riruwai da Filato injinan kamfanoni sun yi irin wannan ɓarna a ƙarni na 20. Na uku, kuza ba ta zama ita kaɗai. Tana shiga cikin jan ƙarfe, a narka, a sake narkawa, ta wannan rafi ta gauraya da ta wancan. Ko a shafa ta a bayan kwano ta goge da wanki.

Inda suka rabu shi ne Uluburun ta ci gajiyar hatsari. Da jirgin ya isa inda za shi lafiya, da tan gudan nan ya narke cikin takubba da tukwane, babu mai jin labarinsa. Teku ta ƙwace shi daga hannun maƙera ta adana. Mu ma Sahara ta yi mana irin wannan ajiya sau ɗaya: a 1964 Théodore Monod ya sami kayan wani ayari binne a Ma'adin Ijafen, cikin hamadar Muritaniya, sandunan tagulla sama da 2,000 tare da wuri, na wajen ƙarni na 11 ko 12. Amma wancan kaya ne mai gangarowa daga arewa. Kayan da ke fita daga duwatsunmu zuwa Kano ko Nufe a bayan jaki da kan mutum suke tafiya, ta cikin gari da gona, inda abin da ya faɗi akwai mai tsinta.

Duk da haka akwai alamu, kuma sun cancanci a dube su da idon basira, ba da zumuɗi ba. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna, suka tono wani kan mutum-mutumin laka. Bernard Fagg ya tattara irinsu tun daga shekarun 1940, ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt da ya fara a 2005 ya nuna mutanen nan sun zauna tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, daga baya suna narka tama. A cikin tsakuwar da aka tono gumakan an sami duwatsun ado na narkakkiyar kuza. Sai dai rafi ba ya jera abu bisa shekaru, na bara da na shekara dubu biyu wuri ɗaya yake tara su. Saboda haka duwatsun adon suna nuna an narka kuza a wannan yanki tun da, ba sa faɗin yaushe.

Sai Igbo-Ukwu, a Jihar Anambra. A 1938 wani magidanci na haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla, Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964. Kayan na ƙarni na 9 ko na 10 ne, aikinsu ya kai maƙura wajen kyau, kuma haɗinsu jan ƙarfe ne da kuza da dalma. An daɗe ana cewa ƙarfen daga ƙetaren Sahara ya zo, har awon dalma ya karkata zuwa ramukan yankin Abakaliki, nan kusa. In jan ƙarfen na gida ne, kuzar fa? Babbar taskar kuza mafi kusa ita ce jerin duwatsun nan da Riruwai ke cikinsu. Wannan ba hujja ba ce cewa daga Doguwa ta tafi. Hujja ce cewa shekara dubu da suka wuce akwai masu neman kuza a wannan ƙasa, kuma wani ya sayar musu.

Daga arewa ma akwai abin lura. Ibn Battuta ya sauka Takedda a 1353, a yankin Agadas na yau, ya ga ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanduna, masu kauri da sirara, ana sayen nama da itace da gero da su, ana kuma kai su Gobir da Barno. Ke nan a zamanin Sarki Yaji, wanda Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo a lokacinsa, jan ƙarfe na shigowa ƙasar Hausa a siffar sanda mai ƙirguwa. Kuza kuma tana kwance tafiyar 'yan kwanaki kudu da dutsen Dala na Kano, inda aka auna gawayin wani murhun tama ya nuna ƙarni na 7. Mutanen da suka iya wutar tama tun wancan lokaci ba za a ce wutar kuza ta fi ƙarfinsu ba. Marubutan tarihin sarakuna sun fi kula da abin da ya zo daga nesa, goro da gishiri da raƙuma da littattafai. Abin da talaka ke wankowa a rafi ba ya cika shiga irin wannan littafi.

To wace tambaya ce ta fi nauyi? In girma ake nufi, ta Uluburun ce. Amsarta za ta nuna ko duniyar shekara 3,300 da suka wuce ta haɗe daga Birtaniya zuwa tsakiyar Asiya, za ta kuma taimaka wajen gane abin da ya faru wajen 1200, lokacin da Ugarit da daular Hitti da fadojin Girka suka rushe kusan tare, hanyoyin fatauci suka yanke. Ba na jayayya da wannan. Amma a wajena tambayar Riruwai ta fi gaggawa, kuma tana da abin da waccan ba za ta taɓa samu ba.

Masu binciken Uluburun ba su da ko mutum ɗaya da ya ga mai narka kuzar. Hasashe suke yi: wataƙila ƙananan ƙauyuka ne, wataƙila makiyaya ne masu haƙa a wani yanki na shekara. Riruwai tana da shaidun ido. Turawan farkon ƙarni na 20 sun ga murhun Riruwan Dalma yana ci, sun bayyana yadda ake yi. An san abin da ke faruwa in yaƙi ya taso wa irin wannan jama'a: ba sana'ar ke mutuwa ba, tashi take yi ta bi masu ita zuwa wani rafi, kasuwa ta ci gaba da karɓar tsinke iri ɗaya daga wani dutse dabam. Wannan kaɗai darasi ne ga masu gardama irin su Berger da Powell, domin yana nuna siffar curi ba ta faɗin rami, kuma gari ɗaya na masu narkawa yana iya haɗa yashin rafuka da yawa. Bill Freund ya taɓo tarihin waɗannan mutane a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ramukan kuzar Nijeriya, amma hankalinsa yana kan zamanin kamfanoni. Abin da ya gabaci haka yana nan a bakin zuriyarsu, a Doguwa da ƙasar Bauchi: sunayen kakanni, kufan da aka tashi, wanda ke da ikon hura wuta, wanda ake kai wa gaisuwa.

Gaggawar kuwa a fili take. Kuzar Uluburun tana cikin gilashi a Bodrum, in na'urar bana ta gaza, ta shekara ashirin masu zuwa za ta same ta yadda take. Shaidar Riruwai a waje take kwana. Farashin ma'adinai ya sake tashi, matasa sun koma ramuka, kuma ba wanda zai ga laifin mai neman abin sawa a baki. Sai dai tsohon tarin kashin wuta yana da sauran kuza a ciki, don haka shi ne abu na farko da ake dakawa a wanke. Kowace damina tana cin gefen kufai, kowace shekara kuma ana rasa dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gani. Wanda ya san yadda ruwan Tiga ya rufe gonaki da tsofaffin matsugunai bayan an gama dam ɗin a 1974 ya san ƙasa tana iya sauya fuska cikin ƙanƙanen lokaci.

Aikin da ake bukata bai kai kuɗin nutso 22,000 ba. Masu ilimin tono na Jami'ar Ahmadu Bello da masana tarihi na Jami'ar Bayero, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masu unguwannin Riruwai da Zainabi, za su iya zagaya gindin duwatsun da rani su sa alama a duk inda aka ga kashin wuta da fasassun bututun zuga-zugi. Gawayin da ke ƙarƙashin murhu ɗaya da ba a taɓa ba ya isa ya ba da shekara, kamar yadda na Dala ya bayar. Murhu goma za su ba da jeri. Sannan akwai wata sa'a da ƙasarmu ta yi. Kuzar Nijeriya gida biyu ce: ta duwatsun zobe irin Riruwai da Jos, masu shekara ƙasa da miliyan 200, da ta tsofaffin jijiyoyin dutse irin na wajen Wamba da Jama'a, masu shekara fiye da miliyan 500. Tazarar tana da faɗi. Da shekarun dutse, waɗanda burbushin dalma ke nunawa, mutanen Mannheim suka danganta curin Haifa da Konwal. In aka auna yashin rafukan Riruwai aka ajiye awonsa, sai a kawo duwatsun adon Nok da ke Jos, da duk wani tsinken kuza da ya rage a gidan tarihi ko a adakar wata tsohuwa, da tsofaffin kwanukan Bida da likkafun fadar Kano, a gwada su ɗaya bayan ɗaya da shi.